Samanja Chari Maigumeri: Sharhi a kan Tarihin da Aka Rubuta da Lambobin Yabo

Ɗaya daga cikin ayyukan katikis, wanda ba a koya mana shi a aji ba, shi ne rubuta tarihin mamaci. In wani ya rasu a cikin ikilisiya, 'yan'uwansa sukan zo da dare su zauna a kan benci, su faɗi abin da suka sani, ni kuwa in rubuta abin da za a karanta a bakin kabari. Sa'ad da nake sabon shiga wannan aiki, wani dattijo ya rasu a nan unguwarmu ta Briketeri, cikin birnin Yawunde. Tsohon soja ne, ya yi wa Faransa yaƙin Hitila. Aka kawo mini ƙaramin akwatinsa na ƙarfe, na buɗe, na tarar da littafinsa na soja da lambobi uku. Na yi murna, gama aikin ya zo mini da sauƙi. Na kwafe ranar da ya shiga soja, da lambarsa, da garuruwan da aka kai shi, da ranar da aka sallame shi. Kashegari na karanta, mutane suka ce lalle Malam ya iya rubutu. Da aka watse, sai matarsa ta kira ni gefe, ta ce, "Malam, sannu da ƙoƙari. Amma wanda ka karanta ɗin nan, ni ban san shi ba. Na zauna da mutum shekara hamsin, ba ka ambace shi ba."

Maganar tsohuwar nan ta komo mini kwanakin baya, da wani saurayi na unguwarmu ya kawo mini takarda shafi ɗaya da ya bugo daga intanet. Taƙaitaccen tarihin Samanja Chari Maigumeri ne, mutumin Borno, wanda aka sa wa barikin soja na Lakwaja a Nijeriya sunansa. Saurayin ya ce in mayar masa da shi Hausa, domin ya karanta wa abokansa. Na karanta sau uku. Tarihi ne mai daɗin ji, ya kuwa shafe mu mutanen Kamaru, gama a ƙasarmu mutumin ya fara ɗaukar bindiga. Amma na ga kuskurena na dā a cikinsa. Shi ya sa na ga ya dace in yi sharhi a kansa, domin amfanin duk wanda wata rana za a ce ya rubuta tarihin wani tsoho.

Abin da takardar ta faɗa

Ga gundarin labarin. A shekarar 1913 Chari Maigumeri, yana saurayi bai kai shekara ashirin ba, ya shiga sojan Jamus na Kamaru. Da yaƙin duniya na fari ya tashi a 1914, ya yi yaƙi da Turawan Ingila a arewacin ƙasar, takardar ta ce har Jamusawa suka ba shi lambarsu ta Gicciyen Ƙarfe. A 1915 aka kama shi a Garwa. A 1917 ya shiga rundunar Ingila ta Afirka ta Yamma, aka kai shi Gabashin Afirka ya yaƙi Jamusawan da ya yi wa aiki a dā. Ya yi ta hawa, daga saje zuwa samanjan kamfani, kafin 1930 ya zama babban samanjan bataliya ta 3 ta sojan Nijeriya. A yaƙin duniya na biyu ya yaƙi Italiyawa a ƙasar Somaliya da Habasha, ya sami lambar jarumtaka ta MM. Daga nan sai Bama, inda aka yi karo da Japanawa. A 1944 aka ba shi lambar BEM. A 1953, shekarar da aka naɗa Sarauniya Alisabatu ta Biyu, ya je Landan wurin bikin, ya kuma bar aiki bayan shekara 36 a sojan Ingila, aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa. A nan labarin ya tsaya.

Yabon gwani ya zama dole

Kafin in faɗi aibi, bari in faɗi alheri. Abu na fari, takardar ta riƙe sunan mutum, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. A watan Afrilu na 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin Ingila da ƙasashen renonta ta fitar da rahoto, ta yarda da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na fari, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, mai yiwuwa ma yawansu ya kai 350,000. An sa wa Bature dutse da suna a kan kabarinsa, baƙin mutum kuwa aka bar shi ciyawa ta rufe shi. A cikin irin wannan hali, duk rubutun da ya ce ga wane ɗan ƙasa kaza, ga abin da ya yi, ya cancanci godiya.

Abu na biyu, takardar ta tuna wa matasa cewa yaƙe-yaƙen nan biyu ba na Turawa kaɗai ba ne. Da harshen Hausa ake ba da umarni a sojan Nijeriya na wancan zamani, hafsoshin Turawa ma sai sun koye shi. Sojojin Nijeriya ne suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941. Runduna ta 81 da ta 82, waɗanda suka yi yaƙi a dazukan Bama, 'yan Afirka ta Yamma ne. Wanda ya je Kaduna zai ji barikin Kalapanzin, wanda ya je Zariya zai ji barikin Chindit, a Ikko kuma akwai Dodan da Myohaung da Arakan. Duk sunaye ne da aka kwaso daga yaƙin Bama, yara suna faɗinsu kullum ba su san asalinsu ba. Takardar da ta sa yaro ya yi tambaya ta yi aiki.

Abu na uku, rubutun gajere ne, ba shi da ƙawa mai yawa, shekarunsa a jere suke. Mai ilimin firamare irina zai karanta ya gane. Iyakar yabon da zan iya yi masa ke nan.

Shekara biyu a cikin layi ɗaya

Aibi na fari yana tsakanin 1915 da 1917. Takardar ta ce an kama shi, layi na gaba ta ce ya shiga sojan Ingila. Ta ba da wannan kamar abin ban dariya da ban mamaki: ga mutumin da ya ci lambar Kaisar Jamus, ya kuma ci ta Sarki Joji. Mai karatu zai yi murmushi ya wuce. Alhali kuwa a nan ne zuciyar labarin take.

Ka duba yadda ƙasar take a lokacin. Bayan da aka kashe Rabe a Kusuri a 1900, Turawa suka raba Borno uku. Ingila ta ɗauki babban kashi, Faransa ta ɗauki na arewa, Jamus ta ɗauki Dikwa ta haɗa da Kamaru. Ɗan Borno yakan kwana a gidan kawunsa talakan Ingila, ya wayi gari a gidan gwaggonsa talakan Jamus, bai kuwa ƙetare komai ba sai fadama. Saurayin da ya ga ana ba da kaki da abinci da albashi a bariki, me ya sani game da Balin ko Landan? Aikin soja sana'a ce a wurinsa, kamar fatauci, kamar jima. Hausawa da Barebari da yawa sun yi wa Jamus, da Ingila, da Faransa wannan sana'a, wani lokaci 'yan gari ɗaya suna harbin juna a gaɓar kogi ɗaya.

Garwa kuma ba wasa aka yi a can ba. A ƙarshen watan Agusta na 1914 sojojin Ingila suka taso daga Yola suka fāɗa wa garin, aka kore su, aka kashe shugabansu. Suka komo a 1915 tare da Faransawa, suka hau da babbar igwa ta jirgin ruwa ta kogin Binuwai, suka yi ta ruwan wuta a kan ganuwar, har Jamusawa suka miƙa wuya ranar 10 ga Yuni. Ranar 1 ga Janairu 1916 aka ci Yawunde, wannan garin da muke zaune, Jamusawa suka gudu kudu zuwa ƙasar Sifaniyawa ta Riyo Muni. Dutsen Mora ne ya rage, shi ma ya sallama a watan Fabrairu. Wato cikin wata takwas, gwamnatin da saurayin nan ya rantse wa ta ɓace daga ƙasar ɗungum. Ba mai biyansa albashi, ba mai tambayar inda yake. Fursunan yaƙi ne, sana'ar da ya iya ɗaya ce, masu ɗaukar ma'aikata kuma su ne waɗanda suka kama shi, suna kuwa bukatar mutane ƙwarai domin yaƙin Gabashin Afirka, inda yunwa da zazzaɓi da harsashi suka ci sojojin Nijeriya da yawa a 1917.

Marubucin da ya kula da mutum zai tsaya a nan ya nuna mana wannan ƙunci. Zai sa mu tambayi kanmu, da mu ne, me za mu yi? Takardar ba ta yi haka ba, gama da idon hafsan Bature aka rubuta ta, shi kuwa abin da ya dame shi shi ne ya sami soja nagari. Kalmar da irin wannan rubutu yake ƙauna ita ce biyayya. Amma biyayya ga wa? Mutumin ya yi wa Jamus biyayya da gaskiya, ya yi wa Ingila biyayya da gaskiya. Ina ganin abin da ya riƙe shi ne amanar aikinsa da ta mutanen da ke ƙarƙashinsa. Sarakunan ƙetare kuwa suna zuwa suna wucewa. Wannan ya fi abin da takardar ta faɗa girma, ita kuwa ba ta gan shi ba.

Lambobin nan, bakin wa suke magana?

Aibi na biyu shi ne an gina tarihin duka a kan lambobin yabo, kamar yadda na gina na dattijon unguwarmu a kan abin da na tarar a akwati. Lamba shaida ce, amma shaidar mai bayarwa ce. Tana faɗin abin da ya gamshi gwamnati a ranar da ta bayar, ba ta faɗin sauran.

Ɗauki Gicciyen Ƙarfe. Jamusawa suna da wata lamba dabam da suka tanada domin sojojinsu baƙar fata a Kamaru da Togo da Gabashin Afirka, ita ce aka saba rataya wa ɗan Afirka in ya yi jarumtaka. Saboda haka wanda ya rubuta cewa an ba ɗan Borno Gicciyen Ƙarfe, wajibi ne ya nuna inda ya samo, gama abu ne da ya fita daga al'ada. Takardar da ke hannuna ba ta nuna ba. Ta faɗa ne domin yana da daɗin faɗi. Jarumtakar mutumin ba ta dogara ga sunan ƙarfen ba, amma amincin marubuci ya dogara ga irin wannan kulawa.

Lambar MM ma tana da nata labari. A sojan Ingila na wancan zamani, ƙananan sojoji ake ba ita. Hafsa in ya yi irin wannan aiki, wata lamba ake ba shi mai suna MC. Har jarumtaka ma an raba mata aji. Wannan ya kai mu ga abin da takardar ta mayar abin alfahari, alhali abin tambaya ne. Mutum ya yi fiye da shekara 20 yana babban samanja. Ya horar da dubban kuratu, ya ga yaƙi a Kamaru, da Gabashin Afirka, da Habasha, da Bama. Duk wannan lokaci, ƙaramin laftanan Bature da ya sauka daga jirgi jiya, wanda bai kai ɗansa ba, shi ne a gaba, shi ake ƙame wa. Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka fara ba 'yan Nijeriya muƙamin hafsa. A 1953 ne Zakariya Maimalari, shi ma ɗan lardin Borno, ya fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst. A shekarar nan ce aka ce wa Maigumeri kyaftin, a daidai lokacin da zai tuɓe kaki, wato sa'ad da ba sauran wanda zai ba umarni. An ba shi doki bayan an tashi daga hawan salla. Takardar ta rubuta wannan a matsayin alherin Sarauniya, ba ta tambayi abin da ya hana a yi shi da wuri ba.

Akwai kuma abin da lamba ba ta taɓa faɗa. Soja ba ya zaman banza tsakanin yaƙi da yaƙi. Rundunar Jamus da saurayin ya shiga a 1913, ita ce ƙarfin gwamnatin da ta rataye Rudolf Duala Manga Bell a Duwala, ta kuma harbe Martin-Paul Samba a Ebolowa, dukansu ranar 8 ga Agusta 1914. Rundunar Ingila da ya koma, ita ce aka tura ta buɗe wuta a kan matan kudu maso gabashin Nijeriya a watan Disamba na 1929, sa'ad da suka tashi saboda haraji, mata fiye da 50 suka mutu. Ba ina ɗora wa Samanja alhakin waɗannan ba. Abin da nake cewa shi ne, kakin da ya sa yana da fuska biyu, kakanninmu kuwa sun san dukansu. Tarihin da ya nuna fuska ɗaya bai yi wa matasa adalci ba, bai kuma yi wa sojan adalci ba, gama ya ɓoye nauyin da ya ɗauka.

Bayan an tuɓe kaki

Aibi na uku shi ne mafi girma a wurina, shi ne kuma wanda tsohuwar nan ta kama ni da shi. Labarin ya ƙare ranar sallama. Ba mata, ba 'ya'ya, ba gida, ba maƙwabta, ba abin da yake ci, ba abin da yake faɗa in ya zauna a ƙofar gida da yamma. Ba kalma ɗaya daga bakinsa. Kamar dai mutum bindiga ne, in an mayar da ita ma'aji magana ta ƙare.

Amma tsohon soja da Allah ya ja kwanansa, yawancin rayuwarsa tana bayan yaƙi ne. A nan kuma ake gane ko waɗanda ya yi wa aiki masu riƙon alkawari ne, gama ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mu da muke ɓangaren Faransa mun ga wannan da idonmu. A watan Disamba na 1959 majalisar Faransa ta yi doka ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ke samun 'yancin kai. Fanshon Bafaranshe yana hawa kowace shekara, na ɗan Kamaru da ɗan Cadi da ɗan Nijar ya tsaya cik inda yake, ko da yake rami ɗaya suka kwanta. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara. Babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya ranar 30 ga Nuwamba 2001, amma ya riga ya rasu. Aka fara gyara a 2007, bayan fim ɗin Indigènes na 2006 ya ba hukuma kunya, ba a kuwa daidaita fanshon duka ba sai ranar 1 ga Janairu 2011. Shekara 51 ke nan. Mazan jiya nawa ne suka rage a ranar?

Ka tuna da Abdoulaye Ndiaye na ƙauyen Thiowor a Senegal, wanda aka sani shi ne na ƙarshe a cikin sojojin Afirka ta Yamma da suka yi wa Faransa yaƙin 1914. An yi masa rauni a Beljiyam, an kai shi Dardanel, an sake yi masa rauni a Somme a 1916. Ya rayu shekara 104. A ƙarshen ransa fanshonsa wajen faran 340 na Faransa ne a wata, wato kimanin sefa 34,000. Da yaƙin ya cika shekara 80 da ƙarewa, Faransa ta shirya ba shi babbar lambarta ranar 11 ga Nuwamba 1998. Ya rasu ranar 10. In an rubuta tarihinsa yadda aka rubuta na Maigumeri, zai tsaya a 1918, a zubar da shekara 80. Alhali waɗannan shekaru su ne shari'ar da ke tsakaninsa da Faransa.

Waƙa a bakin mai ita

Wani zai ce, Malam, kana neman abin da ba ya samuwa, sojojin nan ba su yi makaranta ba, wa zai rubuta? Amsa ita ce, inda aka ba su dama sun yi magana, abin da ya fito daga bakinsu kuwa dabam yake da abin da ke cikin littafin bariki.

A nan Yawunde muna da misali. Raphaël Onana, wanda aka haifa a 1919 a wajen Okala, ya shiga soja a 1939. Bayan da Leclerc ya sauka a Duwala a ƙarshen watan Agusta na 1940, Kamaru ta bi Janar de Gaulle, Onana yana cikin waɗanda aka tafi da su. A watan Yuni na 1942 aka harbe shi a Bir Hakeim cikin hamadar Libiya, inda sojojin Janar Koenig suka tsare wa Rommel hanya har mako biyu. Aka kama shi, ya rasa ƙafa ɗaya. Ya komo gida, ya shugabanci ƙungiyar mazan jiya, a 1996 ya fitar da littafinsa mai suna Un homme blindé à Bir-Hakeim, ya rasu a Yawunde a 2002. Shekara 60 ya yi yana ɗauke da abin da dare ɗaya ya bar masa. Ko sunan littafin ma ya isa ya koya mana wani abu. A Faransancin soja, kalmar blindé tana nufin mota mai sulke. A Faransancin Yawunde kuwa tana nufin mutumin da aka dafa, wanda aka yi wa maganin ƙarfe. Ba hafsan Bature da zai raɗa wa littafi wannan suna. Mutumin gida ne kaɗai ya san abin da saurayi yake ɗaure a damtse, da abin da uwarsa take tsoro ranar da zai tafi. A Paris akwai gada da tashar jirgin ƙasa masu suna Bir Hakeim, amma ba su gaya maka wannan.

A ɓangaren Nijeriya akwai Isaac Fadoyebo, Bayarabe daga Emure-Ile kusa da Owo. Ya shiga soja yana ɗan shekara 16, ya zama ma'aikacin jinya a runduna ta 81. A watan Maris na 1944 Japanawa suka fāɗa musu a bakin kogin Kaladan a Bama, aka karya masa cinya da harsashi, aka bar shi a kan ya mutu. Shi da wani ɗan Saliyo, David Kargbo, wani talaka Musulmi mai suna Shuyiman ne ya ɓoye su, ya ciyar da su wajen wata tara, yana sane cewa in aka gane, ransa ne. Fadoyebo ya rubuta labarinsa da hannunsa, aka buga a 1999. Daga baya ɗan jarida Barnaby Phillips ya yi fim a kansa a 2011, ya je har ƙauyen ya kai wa 'ya'yan Shuyiman wasiƙar godiya, ya kuma fitar da littafi a 2014. Fadoyebo ya rasu a 2012, shekara 68 bayan harbin, yana ɗingishi har ƙarshe. Ka lura da wanda ya zama gwarzo a labarin da soja ya bayar da kansa: manomi ne wanda ba shi da kaki, ba shi da lamba, ba addininsu ɗaya ba. Mu Kirista da muke zaune tsakanin 'yan'uwanmu Musulmi a Briketeri, muna saye da sayarwa tare, muna zuwa gaisuwar mutuwar juna, wannan labari ya fi mana jerin lambobi amfani.

Da an sami wanda ya zauna da Chari Maigumeri da alƙalami, ya tambaye shi da Hausa ko da Barbarci abin da ya gani a Garwa, da abin da ya ji ranar da ya ɗaga bindiga ga tsofaffin iyayen gidansa, da a yau muna da littafi wanda ya fi duk wani bariki daraja. Takardar da ke hannuna ba ta ma nuna ta ji zafin wannan rashi ba. Laifinta ke nan da ya fi ba ni haushi.

Abin da ya rage mana

Na mayar wa saurayin da takardar Hausa, gama bai kamata a hana shi ɗan abin da ke akwai ba. Amma na ƙara masa shafi biyu a kan Dikwa da Garwa da maganar fansho, na ce ya karanta su tare. Na kuma gaya masa abin da nake so in gaya wa mai karatu.

Waɗanda suka yi yaƙin Hitila sun kusa ƙarewa, wanda ya rage a cikinsu ya kai shekara ɗari ko ya kusa. Amma matansu na ƙarshe suna nan, 'ya'yansu suna nan, akwatunan ƙarfe suna ƙarƙashin gado, gara da danshin damina suna cin takardun. Akwai kuma waɗanda suka yi yaƙe-yaƙen baya, na Indocin da Aljeriya, da na dajin Kamaru, da yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970. Suna zaune a unguwanninmu, waɗansu masu gadi ne, waɗansu ido ya tafi. Kada mu jira daren da za a zo mu zauna a kan benci. A je musu tun suna da rai. A tambaye su abin da ya kai su soja, ko yunwa ce, ko sarki ne ya ba da su, ko son kaki ne. A tambaye su wanda ya yi musu alheri a baƙuwar ƙasa, da abin da suka yi wanda yake hana su barci, in sun yarda su faɗa. A tambaye su nawa aka biya su, da yaushe, da sana'ar da suka kama bayan sallama. A tambayi matar ita ma, gama ita ce ta yi jinyar abin da yaƙi ya bari. A rubuta da harshen da suka faɗa, kada a gyara musu magana.

Ni dai na koma wurin tsohuwar nan bayan kwana arba'in, na zauna a tabarmarta yini guda. Ta gaya mini cewa mijinta ya yi gadin wani kanti shekara talatin, ba ya iya barci in ana tsawa, bai taɓa dukan yaro ba, duk ranar da ya karɓo fansho kuma sai ya sayo tsire a bakin titi ya raba wa yaran gidan haya, nasa da na maƙwabta. Na rubuta wannan duka, na ba babban ɗansa, ya sa a cikin akwatin tare da lambobin uku.